Ɗakin Karatun Malamai: Littattafai da Fina-finan da Ake Aro

Ɗakin karatun malamai wuri ne da ikkilisiya, ko gunduma, ko makarantar Littafi Mai Tsarki take ajiye littattafai da fina-finai domin masu koyarwa su riƙa aro, su yi shiri da su, su kuma mayar. Da muka ce malamai, muna nufin malaman Makarantar Lahadi, da masu koyar da ajin baftisma, da masu bi da nazari a zumuntar mata da ta matasa, da masu bishara a ƙauyuka, da malaman makarantun firamare da sakandare na ikkilisiya. Ba lalle sai an gina ɗaki ba. A wurare da yawa kabad ɗaya ne mai makulli a ofishin fasto, ko akwatin ƙarfe a gidan wani dattijo mai riƙon amana.

Dalilin kafa shi a fili yake. Yawancin malamanmu aikin sa kai suke yi, kuma kuɗin littafin sharhi ɗaya mai kyau yakan fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Malamin da ba shi da abin dubawa yakan koyar da abin da ya tuna daga wa'azin da ya taɓa ji, ko abin da aka turo masa ta waya, yaran da ke gabansa kuma su ɗauka haka Maganar Allah ta ce. Yaƙub 3:1 ya gargaɗe mu cewa masu koyarwa za su sha shari'a mafi tsanani. Idan haka ne, ikkilisiyar da ta ba mutum aji, wajibi ne ta ba shi kayan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma littafi ɗaya da aka saya da kuɗin jama'a yana iya wadatar da malamai ashirin.

Tushensa cikin Littafi Mai Tsarki

Zagayawa da rubutu daga hannu zuwa hannu tsohuwar al'adar ikkilisiya ce. A Kolosiyawa 4:16 Bulus ya umarta a karanta wasiƙarsa a Kolosi, a aika da ita Lawudikiya, su kuma mutanen Kolosi su karɓi ta Lawudikiya su karanta. A 2 Timoti 4:13, yana kurkuku, ƙarshen ransa ya kusa, ya roƙi Timoti ya kawo masa littattafansa da fatun rubutu. Luka ya faɗa a farkon Bishararsa cewa ya bi diddigin al'amura tun daga tushe kafin ya rubuta. Afolos mai iya magana ne, masanin Nassi kuma, duk da haka ya zauna Bilkisu da Akila suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18 ya nuna.

Nassi ya yi magana a kan aro kuma. Fitowa 22:14 ta ɗora wa mai aro biyan abin da ya lalace a hannunsa. A 2 Sarakuna 6, da ruwan gatari ya faɗa cikin Urdun, abin da ya tayar da hankalin almajirin Elisha shi ne gatarin na aro ne. Hausa ma ta raba aro da rance. Wanda ya ranci gero, wani geron zai biya. Wanda ya ari fartanya, ita ɗin dai zai mayar. Littafin ɗakin karatu aro ne, shi ɗin ake jira ya dawo, da shafukansa cikakku.

Littafi Mai Tsarki da juyinsa

Kanta ta fari ta Littafi Mai Tsarki ce, kuma ya kamata a sami juyi fiye da ɗaya. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa tare da waɗansu. Juyin 1979 na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya shi ne wanda majami'u da yawa suke karantawa a sujada. Akwai kuma juyin Sabon Rai Don Kowa na Biblica, mai sauƙin Hausa.

Malami yana bukatar sanin bambancinsu, domin a aji ɗaya yakan tarar da dattijuwa mai tsohon juyi da saurayi mai sabo. Inda na 1932 ya ce Kristi, na 1979 Almasihu ya ce. Yohanna ya zama Yahaya, Ru'ya ta Yohanna ta zama Wahayin Yahaya, Kubawar Shari'a kuma Maimaitawar Shari'a. Idan aya ta yi wuya, a karanta ta cikin juyi biyu ko uku kafin a buɗe wani littafi. Sau da yawa nan take ma'anar takan fito. Inda akwai Sabon Alkawari ko cikakken Littafi cikin harshen yankin, a ajiye shi kusa da na Hausa, gama akwai tsofaffi da yara waɗanda sai da harshen gida magana take shiga zuciyarsu.

Sharhi da littattafan bincike

Sharhi littafi ne mai bin Nassi sura sura yana bayani. Wanda muka fi ba malamai shawara su fara da shi shi ne Africa Bible Commentary, wanda ya fito a 2006. Masana tauhidi 70 'yan Afirka ne suka rubuta shi, Dokta Tokunboh Adeyemo na Nijeriya ya shugabanci aikin. Littafi ɗaya ne ya ƙunshi Farawa har Wahayi, yana kuma da gajerun bayanai a kan al'amuran da muke fama da su, kamar maita, gadon gwauraye, auren mata da yawa da ƙabilanci. An fassara shi zuwa Hausa, don haka malamin da Turanci yake ba shi wahala ba a bar shi a baya ba. Africa Study Bible, wanda ya fito a 2017, Littafi Mai Tsarki ne na Turanci mai bayanai a ƙasan shafi, da karin magana da labarai daga ƙasashen Afirka dabam dabam.

Banda waɗannan, ana bukatar ƙamus na Littafi Mai Tsarki mai bayyana sunaye, wurare da al'adu, da littafin taswira domin a ga nisan Nazarat da Urushalima ko hanyoyin tafiye-tafiyen Bulus. Akwai kuma littafin neman ayoyi, wanda yake jera kowace kalma da wuraren da ta fito. Sanannen cikinsu shi ne na James Strong, na 1890, wanda ya bi tsohon juyin Turanci na Sarki Yakubu. Ƙamus na Hausa ma yana da amfani ga mai karanta juyin 1932, domin akwai kalmomin da matasan yau ba su saba ji ba. Na Bargery ya fito a 1934, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, mai bayani da Hausa zalla.

Irin waɗannan manyan littattafai ba a fita da su. A nan ake duba su, a rubuta abin da ake bukata, a bar wa na baya.

Koyarwa, tarihi da rayuwar Kirista

Sanin abu dabam, iya koyar da shi dabam. John Milton Gregory ya rubuta The Seven Laws of Teaching a ƙarni na 19, har yanzu makarantun Littafi Mai Tsarki suna amfani da shi. Cikin dokokinsa bakwai akwai cewa malami ya san darasinsa sarai, ya yi magana da harshen da ɗalibi yake ganewa, ya tashi daga abin da ɗalibi ya sani zuwa abin da bai sani ba, ya kuma riƙa bita. Howard Hendricks ya bi sawunsa da Teaching to Change Lives a 1987. Duka biyu gajeru ne, malami zai iya gama ɗaya cikin mako biyu.

A fannin tauhidi da ɗabi'a muna da marubuta daga cikinmu. Dokta Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi, wanda aka haifa a 1936 ya kuma rasu a 1975, ya rubuta Theological Pitfalls in Africa, inda ya yi kashedi game da gauraya bishara da wata koyarwa. Farfesa Samuel Waje Kunhiyop ya rubuta African Christian Ethics, mai magana a kan cin hanci, aure, rashin haihuwa, yaƙi da talauci, da African Christian Theology. Malaman matasa da na zumuntar ma'aurata za su sami abin da suke nema a ciki.

Tarihin bishara a ƙasarmu yana bukatar kantarsa. Littafin E. P. T. Crampton, Christianity in Northern Nigeria, ya tattara labarin wuri ɗaya. Yaranmu su san cewa Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, biyun farko kuma suka mutu a shekarar da ta biyo, Gowans a Girku, Kent a Bida. Su san zuwan Karl Kumm Wase a 1904, da fara aiki a Numan a 1913, da Garkida a 1923. Idan wani dattijo ya rubuta tarihin ikkilisiyarku, ko da da hannu ne, a yi masa bango a ajiye, domin ba za a same shi a kantin kowa ba.

Ikkilisiyoyin da suka sha hare-hare da gudun hijira su nemi Healing the Wounds of Trauma, littafin da aka shirya domin taimakon masu raunin zuciya ta wurin Nassi, aka kuma fassara zuwa harsunan Afirka da yawa. Malamin da yake da marayu ko 'yan gudun hijira a ajinsa zai koyi yadda ake sauraron yaro ba tare da an tilasta masa magana ba. Sai littattafan labari. Tafiyar mai ibada da John Bunyan ya rubuta, The Pilgrim's Progress, ta fito a 1678, tana kuma da saukin rabawa kashi kashi domin aji. Malaman makarantun boko za su yi murna da samun Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, domin yaron da ya ji daɗin karatun Hausa ba zai yi tuntuɓe ba ranar da aka miƙa masa Littafi Mai Tsarki ya karanta a gaban jama'a.

Fina-finai

Gani ya kori ji. Wannan ya sa fim yake da ƙarfi, shi ya sa kuma yake bukatar lura. Ana samun fina-finai a faifai, ko a katin waya, ko a sauke su daga intanet. Faifai yana saurin karcewa, don haka ɗakin karatu ya ajiye na asali, ya ba da aron wanda aka yarda a kwafa.

Fim ɗin Yesu, na 1979, shi ne wanda aka fi sani a ƙauyukanmu. Ya bi Bisharar Luka, an ɗauke shi a ƙasar Isra'ila, tsawonsa wajen awa biyu ne, an kuma juya shi zuwa harsuna fiye da 2,000, har da Hausa da harsuna da dama na arewacin Nijeriya. Daga cikinsa aka shirya wani gajere domin yara, da wani mai suna Magdalena wanda ya nuna yadda Yesu ya karɓi mata ya daraja su. Wannan ya dace da taron zumuntar mata.

Fina-finan Bishara na LUMO guda huɗu ne, ɗaya domin kowace Bishara. Ba a sa wa 'yan wasan magana a baki ba. Mai karatu ne yake karanta Nassi aya aya, hoto yana tafiya tare da shi. Saboda haka sun dace da aji: a nuna sura ɗaya, a tsayar, a buɗe Littafi a tattauna.

The Imam and the Pastor, na 2006, labarin gaskiya ne na Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna, waɗanda suka yi gaba da juna a rikicin addini, kowannensu ya yi hasara, daga baya suka haɗa kai suna sulhunta jama'a. Malaman matasa za su iya buɗe zance da shi a kan gafara da zama da maƙwabta. Fina-finan wasan kwaikwayo na Mount Zion, ƙungiyar Mike Bamiloye, suna da farin jini, amma malami ya bambanta wa ɗalibai abin da Nassi ya koyar da abin da aka ƙara domin wasa ya yi armashi. The Passion of the Christ, na 2004, yana da zubar da jini mai yawa da abubuwan da ba su cikin Bishara. Ba na yara ba ne.

Yadda ake amfani da fim a aji

Malami ya kalli fim ɗin shi kaɗai tukuna, daga farko har ƙarshe, da Littafi Mai Tsarki a buɗe. Ya zaɓi wurin da zai nuna, gama minti goma sha biyar da tattaunawa sun fi awa biyu da yara suna gyangyaɗi. Ya shirya tambayoyi uku ko huɗu: me muka gani, a wace sura aka rubuta shi, me ya koya mana game da Allah, me za mu yi a wannan mako. Ya kuma faɗa wa yara a sarari cewa wanda suke gani ɗan wasa ne. Wanda ya fito a matsayin Yesu a fim ɗin 1979 Bature ne ɗan Ingila, Brian Deacon, amma Ubangijinmu Bayahude ne da aka haifa a Baitalami. Idan ba a faɗa ba, yaro zai girma da hoton da ba daidai ba a ransa.

Idan majigi za a yi a fili, a nemi izinin mai unguwa ko dagaci, a gwada janareta da lasifika tun da rana, a daidaita ƙarar yadda ba za ta dami maƙwabta ba, a kuma tashi da wuri domin mata da yara su koma gida lafiya. A shirya waɗanda za su zauna da masu tambaya bayan an gama.

Yadda sababbi suke shigowa

Sabo a ɗakin karatu ba lalle ya zama wanda aka buga bana ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ake dubawa shi ne ko ya cike wani giɓi. Muna ba da shawara a kafa kwamiti na mutum uku ko biyar, da fasto ko wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a ciki, su tambayi malamai abin da suke rasa kafin a je kanti. Kantunan ACTS, waɗanda cibiyarsu take Bukuru kusa da Jos, da kantunan Challenge, da na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki, nan ne aka saba samun irin waɗannan littattafai. Ikkilisiya tana iya keɓe baikon Lahadi ɗaya a shekara domin wannan, ko kowace zumunta ta ɗauki nauyin littafi ɗaya.

Kyauta ma sai an tace ta. Akwai ƙungiyoyin da suke raba littattafai masu kyan bango da Hausa mai daɗi, alhali suna musun allahntakar Almasihu ko Triniti. Akwai masu mayar da bishara hanyar neman dukiya. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, sun auna wa'azin Bulus kansa da Nassi kowace rana, balle littafin da ba mu san marubucinsa ba. Kada wani abu ya hau kanta sai mutum biyu daga kwamiti sun karanta ko sun kalla.

Wanda ya wuce, a buga masa hatimin ikkilisiya a shafin farko da wani shafi na ciki, a ba shi lamba, a shigar da shi rajista. Sa'an nan a sanar a sujada, a ajiye shi wata ɗaya a kantar sababbi inda kowa zai gani. A taron malamai, wanda ya fara karantawa ya ba da bayani na minti biyar a kan abin da ke ciki da ajin da ya dace da shi. Littafin da ba a sanar ba, gara ce take karanta shi.

Ƙa'idodin aro

Kowace ikkilisiya za ta tsara nata, amma ga waɗanda muka ga sun fi kiyaye kaya da zumunci:

1. Duk abin da zai fita a rubuta shi: sunan mai aro, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa, da sa hannu. Dokar ta hau kan kowa, har fasto da dattawa.
2. Littafi mako biyu, fim mako ɗaya. Ana iya sabuntawa sau ɗaya idan ba mai jira.
3. Kada a wuce abu biyu a lokaci ɗaya.
4. Kada mai aro ya ba wani aro. Wanda yake so ya zo a rubuta sunansa.
5. Ba a rubutu a ciki, ba a naɗe shafi, ba a yage hoto domin aji.
6. Wanda ya ɓatar ko ya lalatar ya faɗa da wuri, ya saya ko ya biya a hankali yadda kwamiti ya ga zai iya.
7. Ba a kwafar littafi ko fim domin sayarwa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta hana, doka ta takwas cikin Dokoki Goma kuma ta riga ta hana.

Masu bishara na nesa a ba su wata guda, ko a shirya ƙaramin akwati mai zagayawa daga ikkilisiya zuwa ikkilisiya a lokacin taron gunduma. Wanda ya makara, mai kula ya tuna masa a keɓe, cikin ƙauna. Kiran suna daga bagade yakan dawo da littafi ya kori malami.

Adana kaya

Maƙiyan littafi a ƙasarmu su ne gara, ɓeraye, kyankyasai, yoyon damina da ƙurar hunturu. Kabad ya ɗan tashi daga ƙasa, kada ya jingina da bango, kada kuma ya tsaya a ƙarƙashin inda rufi yake yoyo. A jera littattafai a tsaye, a kakkaɓe su kowane wata, a sa wa masu laushin bango rigar leda. Faifai a riƙe shi ta gefe, a mayar cikin gidansa, a nisanta shi da rana. Sau ɗaya a shekara a ƙirga kome a gwada da rajista, a karanta rahoton a taron ikkilisiya kamar yadda ake karanta na kuɗi.

Ezra 7:10 ya ba mu jerin da ya kamata kowane malami ya bi: Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'ar Ubangiji, ya aikata ta, sa'an nan ya koyar. Muna roƙon shugabannin ikkilisiyoyin da ba su da ɗakin karatu su kawo zancen a taron dattawa mai zuwa, ko da da littafi biyar za a fara. Ku kuma malamai, ku je ku duba abin da ya shigo, ku ara, ku karanta, ku mayar a kan lokaci domin ɗan'uwanku yana jira. Ubangiji ya sa albarka ga hidimarku.